Ranar da Majigi Ya Tashi Genzo Mai Awara

Idan ka shigo unguwarmu ta Bakin Gada ka tambayi Genzo Kuramochi, mutane za su tsaya suna kallon juna. Amma ka ce mai awarar nan da ke barci a zaune, har kurma sai ya nuna maka shagon.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, da hanci kamar an manna masa dankali, da haɓa mai rigan ƙafafunsa shiga ɗaki. Tun zakara bai yanke shawarar cara ba yake tashi, ya niƙa waken suyar da ya kwana a ruwa, ya dafa, ya tace, ya danne, ya yayyanka farar awara cikin kwamin ruwan sanyi har hannuwansa su yi jawur. Da hantsi ya hau keke yana busa ɗan ƙahonsa, mata na fitowa da kwanuka. Awararsa dai ba a magana. Aibinsa ɗaya ne tak: da zarar rana ta karkata, muddin mazauninsa ya taɓa tabarma, to Genzo ya yi sallama da duniya.

Ya yi barci a hannun mai aski, rabin fuska a aske rabi da kumfa. Ya yi barci a jirgin ƙasa, ya je ƙarshen layi ya dawo, ya sauka a tashar da ya hau yana yabon saurin jiragen zamani. Ranar ɗaurin aurensa ma, matarsa Fusae ta ce ta ɗauka kunya ce ta sa ango ya sunkuyar da kai, sai da ta ji kunyar tana minshari. Mu kuwa nan ba a tashin mai gyangyaɗi a taro. Cewa ake yi aiki ne ya ci shi, har a riƙa rage murya don kada a dame shi. Haka muka taru muka ɓata Genzo da ladabi, har ya doshi sittin.

Duk da haka yana da abin taƙama, kuma ba ya gajiya da faɗa.

"Ni fa uwata 'yar fim ce," yakan ce yana zuba wa mace awara a kwano. "Daga Kyoto masu fim suka zo, suka duba matan garin nan kaf, suka ce sai Tane. Kyau, ba a cewa komai."

"Ka ga fim ɗin, Gen-san?"

"An kai ni."

Gaskiya ce, an kai shi. Yana ɗan shekara bakwai uwarsa ta sa masa rigar biki ta kai shi silima. Aka kashe fitila, shi ma ya kashe tasa. A bayanta ya farka, tana goye da shi, sun kusa gida.

Abin da ba ya faɗa wa masu sayen awara, Fusae kaɗai ta sani. Tane ta rasu bai kai goma sha biyu ba. Da ya dawo daga yaƙi ya tarar gidansu ya zama toka, har da hoto ɗayan da take da shi. Muryarta na nan daram a kunnensa, da ƙeyarta, da ƙamshin wake a rigarta. Fuskar ce ta gudu. Kowace safiya yakan ajiye yankan awara na farko a ɗan akwatin tunawa da magabata, inda hoton ubansa ke tsaye shi kaɗai, ya rufe ido ya yi ta laluben fuskar uwarsa, bai samu ba. Wataƙila shi ya sa yake ƙara mata kyau kowace shekara. Abin da ba ka gani, ai kai ke masa kwalliya.

Ana nan, a wani hunturu, aka zo rushe rumbun tsohon gidan giyar shinkafa, sai ga gwangwanaye masu tsatsa a bayan tuluna. Aka buɗe, faifan majigi ne. Wani mutumin Tokyo mai tabarau, wanda aikinsa tara tsofaffin finafinai, ya zo ya ɗaga faifan a haske. Shi ne dai fim ɗin da aka ɗauka a gadarmu, wanda aka daɗe da yanke ƙauna da shi. Ya ce faifan ya bushe kamar ganyen kaka, zai tafi da shi ko a iya ceto shi, bai kuma yi alkawari ba. Mai unguwa Shimazaki ya yi ta sunkuyawa yana roƙo, har baƙon ya yarda a haska sau ɗaya, ranar Lahadi da rana, a zauren unguwa.

Da rana. Da Fusae ta ji, sai ta ajiye wuƙar da take yanka albasa ta zauna.

Fim ɗin na zamanin da majigi bai koyi magana ba ne. A lokacin akan sami mutum ya tsaya gefen allo, shi ne bakin kowa: ya yi muryar miji, ya yi ta mata, ya yi ta jariri, ya gaya wa 'yan kallo abin da ke cikin zuciyar kowa. Benshi ake ce masa. Namu shi ne tsoho Rokuro, wanda da finafinai suka fara magana da kansu ya koma ya buɗe gidan wanka, ya hau kujerarsa mai tsawo a bakin ƙofa, ya ci gaba da yi wa masu wanka tsirara bayani. Shi ya yi wa fim ɗin nan baki yana saurayi, kuma katanga ɗaya ce ta raba gidansu da na su Tane.

Genzo ya same shi da tawul a wuya.

"Kawu, a ina take fitowa? Farko ko ƙarshe?"

"Gen-bo ke nan," in ji tsohon, don shi kaɗai ya rage mai kiransa da sunan yarinta. "Bayan ruwan sama."

"To, da sauƙi."

"Fim ɗin duk ruwan sama ne."

"Haba Kawu! Me ake yi a ciki?"

"Jira. Wata mata ce mijinta ya tafi neman aiki, tana jiransa. Ta ɗora buta, ta zauna. Butar ta tafasa, ta sauke, ta zauna. Akwai wurin da aka nuna ƙofa. Ƙofa kawai, Gen-bo. A can na koyi sana'a, don sai da na yi wa ƙofar nan magana har maƙogwarona ya bushe. Mutanen Tokyo sun ce babu fim mai zurfinsa. Gaskiya ne, mutane da yawa sun faɗa ciki ba su fito ba sai da aka kunna fitila."

Masu wanka suka kwashe da dariya daga cikin tururi. Genzo bai yi ba.

"Ita kuma ta daɗe a allon?"

Tsohon ya dube shi ta saman tabarau, ya ɗan sassauta. "Uwarka ce kaɗai mai sauri a fim ɗin nan. Ka yi atishawa, ta wuce."

Genzo ya koma gida ya shirya yaƙi. Ya rufe shago ranar Asabar, abin da bai taɓa yi ba ko ranar da aka haifi 'yarsa Michiko, wai zai tara barci. Ya kwanta, ido ƙyam. Jikin da ya saba tashi da asuba bai san an ba shi hutu ba, ya tashe shi a kan lokaci, ya bar shi yana kallon silin.

Sai suka tsara dabara da Fusae. Zai zauna can baya, bakin ƙofa inda iska ke shigowa, a kan katako tsurarsa, a durƙushe bisa dugadugansa. Ba zai ci abincin rana ba. Zai cika aljihu da 'ya'yan itacen nan masu tsami da ake jiƙawa a gishiri, waɗanda ko gawa aka sa wa a baki sai ta yamutsa fuska. Fusae kuma za ta zauna a gefensa da allurar ɗinki.

"Kada ki ji tausayina, uwar Michiko."

"Tausayi? Baban Michiko, tun ranar aurenmu nake neman wannan dama."

Ranar Lahadi dusar ƙanƙara ta sauka. An toshe tagogin zauren da baƙin yadi, an cika maƙil, har waɗanda ba su iya tafiya an goyo su. Genzo ya cire takalmi, ya nufi kusurwarsa ta bakin ƙofa. Bai kai ga durƙusawa ba mai unguwa Shimazaki ya iso yana sunkuyawa.

"Kuramochi-san! Ina, ina! Ɗan tauraruwa a bakin ƙofa? So kake a yi da mu a Tokyo? Gaba, gaba."

"A'a, nan ya ishe ni, na gode."

"Kai dai da sauƙin kai."

"Da gaske nake, mai unguwa. Ku bar ni a nan."

"Ku ji mutumin kirki! Ku ba shi hanya!"

Matsalar ita ce a wurinmu kowa sai ya ƙi wurin girma kafin ya karɓa. Wanda ya ƙi sau ɗaya mai ladabi ne, wanda ya ƙi har da roƙo ya fi kowa cancanta. Yadda Genzo ya yi ta tirjiya da gaske, haka jama'a suka ƙara ganin girmansa, har wasu suka tafa. Aka tura shi gaba kamar akuyar da za a kai kasuwa, aka zaunar da shi tsakanin mai unguwa da baƙon Tokyo, a kan matasan zama biyu masu laushi, ɗaya kan ɗaya. Aka jawo murhun kananzir kusa da shi. Aka lulluɓe masa gwiwa da bargo. Matar mai unguwa ta kawo ɗan ƙoƙon giyar shinkafa mai ɗumi, baƙon da kansa ya tsiyaya masa da hannu biyu. Wanda aka tsiyaya wa da hannu biyu kuwa ba ya cewa a'a. Genzo ya shanye, a kan cikin da babu komai.

Ya waiwaya. Fusae na can baya cikin mata masu raba shayi, da allurarta a maƙale a ƙirji, tsakaninsu kawuna sun fi ɗari. Ta ɗaga masa gira. Ya ɗaga mata nasa. Aka kashe fitila.

Majigi ya fara ƙara kamar ruwa a kan kwano. Wata tsohuwa ta soma taɓa molonta mai tsirkiya uku, tana barin kowane sauti ya mutu a binne shi kafin ta taɓa na gaba. Tsoho Rokuro ya fito cikin baƙar rigarsa ta girma, ya tsaya gefen allo, ya yi gyaran murya. Baƙon ya danna rikodarsa, domin ya ce wannan murya tarihi ce, kuma kowa ya san ita ce tsayuwar tsohon ta ƙarshe.

Sai ga ruwan sama a kan rufin gida. Ruwan ya yi ta zuba. Ya zuba har mutum ya fara tunanin ko ya bar shanya a waje. Can sai ga matar, tana zaune, ta ba mu baya.

"Kaka ta zo," in ji Rokuro cikin wata murya mai sanyi da ba mu san yana da ita ba, "ta tarar da ita inda bazara ta bar ta."

Genzo ya jefa ɗan tsami na farko a baki. Matar ta miƙe. Zauren ya ɗan motsa, an ɗauka wani abu zai faru. Ta ɗora buta. Ta koma ta zauna.

Ya jefa na biyu da na uku tare. Ya mintsini cinyarsa a ƙarƙashin bargo. Ya shiga lissafa masu sayen awararsa gida-gida, daga bakin gada zuwa tasha. Ɗumin murhu na lallaɓa shi ta hagu, giya na lallaɓa shi ta ciki, molon tsohuwa na shafa masa kai. Aka nuna gada, ya zabura ya buɗe ido kamar mujiya: babu kowa a kai sai ruwa. Aka koma kan buta. Ya yi yaƙi, a gaskiya ya yi, wanda bai yi irinsa ba ko da yana soja. Amma barci ɓarawo ne, kuma wannan ɓarawon ya san gidan tun yana ɗan shekara bakwai.

Ƙofar ce ta gama da shi. Aka nuna ta, a rufe, inuwar ganye na wasa a jikin takardarta. Rokuro ya shiga yi mata magana, yadda ƙofa ke jira ita ma, yadda ba ta san ko buɗewa ce aikinta ko rufewa ba. Mata suka fara jan hanci. Kan Genzo ya sauka a hankali, ya tashi, ya sauka, kamar ƙadangare a kan katanga.

Baƙon ya raɗa wa mai unguwa, "Dubi yadda abin ke ratsa shi."

Mai unguwa ya san ko wane irin ratsawa ne, amma ina shi ina taɓa ɗan tauraruwa a gaban mutumin Tokyo? Sai ya gyara masa bargo.

Fusae ta hango ƙeyar mijinta ta ɓace tsakanin kafaɗunsa. Ta yunƙura, ta koma. Kafin ta isa sai ta tsallake tsofaffin unguwa kaf, ta gifta hasken majigi, inuwarta ta hau allo a gaban kowa. Kuma ko ta isa, ba ta taɓa ganin surukarta ba, ba ta san lokacin da za ta soka allurar ba. Ta damƙe tiren shayi, tana kallon Rokuro.

Shi kuwa tsohon, daga inda yake tsaye yana ganin fuskar kowa a hasken allo. Ya ga ruwan fim ya fara tsagaitawa. Ya ga an dawo kan gada, matar nan mai jira ta fito da lema ta tsaya a tsakiya tana kallon kogi. Ya san abin da ke biye. Ya dubi rikodar baƙo tana juyawa, tana ɗaukar mafi kyawun aikin da ya taɓa yi. Ya dubi yaron maƙwabta, ɗan shekara kusan sittin, baki a sake.

"Kogi na tafiya," ya ce a hankali, "ita kuwa zuciya..."

Sai ya ja numfashi, ya saki wata murya ta mace, mai kaifi kamar an fasa faranti, muryar da ta tashe shi ta bayan katanga kowace asuba yana saurayi:

"Gen-bo! Tashi, ɗan banzan barci! Wake ya jiƙa, ba zai niƙa kansa ba!"

Molon tsohuwa ya tsaya cak. Genzo ya miƙe zumbur, bargo ya faɗi, 'ya'yan tsami suka watse a tabarma.

"Na tashi, Inna!"

Sai ga ta. Ta shigo ta gefen allo, da sanda a kafaɗa da bokitin awara biyu suna lilo, ɗankwali ɗaure a ka, tana tafiya kamar ana bin ta. Ƙeyar ya fara ganewa. Ta zo daidai matar mai lema, wadda ta tsaya mata a hanya, ta ratse ta. Sannan ta juyo, ta kalli mai ɗaukar hoto ido cikin ido, ta galla masa harara. Hanci kamar dankali. Haɓa a gaba. Ta juya ta fice.

Can daga baya wata tsohuwa ta ce, "Kai! Ai Gen-san ne da ɗankwali!"

Dariya ta ɓarke har majigi ba a ji. Genzo na tsaye, inuwar kansa ta rufe rabin kogi, hawaye na bin gefen wannan hanci, bai share ba. Sai da mai unguwa ya ja shi a hankali ya zauna. Rokuro ya yi gyaran murya, ya koma kan zuciyar da ya bari a rataye, kamar babu abin da ya faru.

Da aka kunna fitila aka kawo shayi, baƙon ya matso wurin tsohon da rikodarsa.

"Malam, wannan kiran yana cikin asalin bayanin ne?"

"Yau ya shiga."

Genzo ya zo ya durƙusa gabansa, ya sunkuya har goshinsa ya taɓa tabarma, ya daɗe. Da ya ɗago sai ya ce, "Amma Kawu, ai an ce zaɓen ta aka yi."

"Wa ya ce? Kai ka ce, mu kuma muka ƙyale ka. Tare gada masu fim suka yi tun safe, wai kowa ya jira su gama. Ta jira, ta jira, matar can ba ta motsa ba. Sai ta ce awara ba ta san fim ba, ta kutsa. Mai fim ɗin ya yi ta ihu. Daga baya ya duba ya ce a bar shi, wai ita ce rayuwa mai wucewa." Ya kurɓi shayi. "Barewa ta yi gudu, ɗanta ko rarrafen bai yi ba, kwanciya ya yi."

Tun daga ranar Genzo bai daina cewa uwarsa 'yar fim ce ba, sai dai ya bar zancen kyau, ya koma zancen sauri. Fusae ta ce aski da safe kuma ya zama aiki, don sai ya tsaya gaban madubi yana harara, yana juya haɓa, har ruwan ya huce. Ba mu sake jin labarin faifan ba, shi ma bai tambaya ba.

Abu ɗaya ya tambaya, a hanyarsu ta komawa gida ranar, suna taka dusar ƙanƙara a kan gadar. Domin bayan mai unguwa ya zaunar da shi, ya share hawaye, ya ja bargo, to kun san sauran.

"Uwar Michiko, wai mijin nan ya dawo kuwa?"

Fusae ta zare allurar daga ƙirjinta, ta dube ta da takaici, ta mayar.

"Ka tambayi uwarka," ta ce. "Ita ma ba ta tsaya ta gani ba."